Koya Wa Kwamfuta Aiki Ta Hanyar Nuni: Yadda Ake Yi Da Inda Abin Yake Tsayawa

Koya wa kwamfuta aiki ta hanyar nuni dabara ce ta sa manhaja ta riƙa yin wani aiki da kanta, ba tare da an zauna an rubuta mata umarni da yaren masu kodin ba. Mai aikin ne zai yi shi da hannunsa sau ɗaya ko sau biyu, ita kuma tana kallo, tana riƙe inda ya danna, da abin da ya rubuta, da abin da ya kwafa ya kai wani wuri. Idan ya gama sai ta karɓa ta yi ta maimaitawa, ko sau dubu ne, ba gajiya, ba neman kuɗin abinci. Kusan yadda yaron kasuwa yake koyon aiki ke nan a wurin ubangidansa. Babu wanda ya taɓa ba shi takarda ya ce ga yadda ake jera shanu a tirela, tsayawa ya yi ya ga an yi.

Sai dai akwai inda suka rabu. Yaro yana kallon hannun ubangidansa, yana kuma gane dalilin da ya sa aka yi haka. Manhaja hannun take gani. Amfanin wannan dabara da haɗarinta duk daga nan suka taso.

Wane irin aiki ake nufi?

Aikin da ake yi iri ɗaya kullum, wanda ba ya buƙatar tunani sai haƙuri. A harkarmu ta dabbobi irinsa ya yi yawa. Tirela ta tashi daga yankinmu na Mutum Biyu ko daga kasuwar Iware, ta bi Wukari ta gangara Lokpanta a Jihar Abiya ko Amansea kusa da Awka, wata kuma ta miƙe har Akinyele a Ibadan ko Oko-Oba a Agege. A cikin tirelar nan guda za ka iske shanun mutum biyar ko shida. Kowa da kuɗin motarsa, da kuɗin lodi, da rasit ɗin haraji, da abin da aka kashe a shingayen hanya, da la'adar dillali. A can Kudu kuma mahauta ba kasafai suke biya lokaci guda ba. Wani ya ba da rabi, wani ya ce sai ya karya nama ya sayar. Duk wannan sai an rubuta.

Da can littafi ne da biro, kuma har yanzu su ne suka fi yawa. Abin da ya sauya lamarin shi ne ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Dattawan da a da ba sa yarda da komai sai kuɗi a hannu, dole ta sa suka koma karɓar tiransifa. Tun daga nan ciniki ya rabu gida biyu: abin da ke cikin littafi, da abin da ke cikin bayanin asusun banki ko na'urar POS. Wani ne zai zauna ya haɗa su, ya duba alat ɗin wane ya shigo, na wane bai shigo ba. Galibi kuma aikin kan ɗan Alhaji yake faɗawa, wanda ya yi sakandare, don shi ake ganin ya san waya. Ina cikin waɗanda aikin ya faɗa wa, shi ya sa na bi diddigin maganar.

Ba mu kaɗai ba ne. Mai shagon kafe da ke buga takardun makaranta, da sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa a Sabo ko Mile 12 mai tattara kuɗin wata, da mai sayar da albasa ko tumatir buhu-buhu da kwando-kwando, da malamin Islamiyya mai fitar da sakamakon ɗalibai, kowannensu yana da wani aiki da yake yi da yatsu iri ɗaya duk mako.

Hanya ta farko: naɗar aiki

Wannan ita ce mafi tsufa, kuma ita ce mafi sauƙin ganewa. Ana kiran abin da aka naɗa makiro. Kamar rikoda ce, amma maimakon murya sai ta ɗauki motsin hannu.

A manhajar Excel ta kamfanin Microsoft, idan ka shiga View za ka ga Macros, a ƙarƙashinsa akwai Record Macro. Ka danna, ka ba shi suna, sai ka yi aikinka yadda ka saba. A ce bayanin asusu ne ka sauke daga banki: ka goge layukan sama da ba ka buƙata, ka ware kuɗin da suka shigo daga waɗanda suka fita, ka jera su bisa kwanan wata, ka haɗa jimilla a ƙasa. Da ka gama sai ka danna Stop Recording. Mako mai zuwa idan ka sauke sabon bayani, maɓalli ɗaya za ka danna, aikin minti ashirin ya ƙare kafin ka ɗauki kofin shayi. A bayan fage Excel tana rubuta duk abin da ka yi da wani yare mai suna VBA, wanda aka saka a cikinta tun 1993, amma kai ba dole ne ka karanta shi ba. Google Sheets ma ta kawo irin wannan a 2018, yana ƙarƙashin Extensions. Masu hoto kuma sun daɗe da nasu a Photoshop, suna kiransa Actions: ka gyara fasfo ɗaya, ka rage girmansa, ka adana, sauran hamsin ɗin su bi sahu.

A nan akwai wani ɗan maɓalli da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi nuna yadda kwamfuta take kallon abin da aka nuna mata. A ce ka naɗi aiki, ka danna gida na goma a layi ka rubuta jimilla. Me ka nuna mata? Kai a ranka ka ce “ƙarshen lissafi”, don ran nan mutum tara ne suka biya. Ita kuwa abin da ta riƙe shi ne “gida na goma”. Mako mai zuwa mutum sha biyar suka biya, sai ta tafi gida na goma ta rubuta jimilla a kan kuɗin wani bawan Allah, ta shafe shi. Ba ta yi kuskure ba a wurinta, abin da ta gani ta yi. Don haka ne Excel ta tanadi Use Relative References, wanda ke sa ta riƙe tazara daga inda ka tsaya maimakon ainihin lambar gidan. Google Sheets ma tana tambayarka wanne kake so a cikin biyun lokacin naɗa. Ko da wannan ɗin ma sai ka nuna mata yadda za ta gangara ƙarshen layi, misali ta danna Ctrl da kibiyar ƙasa, maimakon ka kai linzami ka taɓa wurin da idonka ya gani.

Abu biyu kuma da ba a cika faɗa wa mutum ba sai ya gamu da su. Na ɗaya, idan makiro ya yi aiki a Excel, Ctrl da Z ba ya dawo da abin da ya ɓata. Saboda haka a kan kwafi ake gwadawa, a ajiye ainihin fayil ɗin gefe. Na biyu, fayil mai makiro sai an adana shi da wutsiyar xlsm, in ba haka ba abin da ka naɗa ya tafi.

Hanya ta biyu: ba da misali

Wannan ta fi ta farko wayo. Ba motsin hannunka take kwaikwaya ba. Kai dai ka nuna mata abin da ka fara da shi da abin da kake so ya zama, ita za ta nemo dokar da ta haɗa su.

Shahararren misalinta shi ne Flash Fill, wanda ya fito a Excel ta 2013. Wani masani ɗan asalin Indiya mai suna Sumit Gulwani, wanda a lokacin yake sashen bincike na Microsoft, shi ya ƙirƙiro dabarar, ya kuma wallafa bayaninta a 2011. Ya sha ba da labarin cewa wata mata da suka zauna kusa a jirgin sama ce ta buɗe kwamfutarta ta tambaye shi yadda za ta haɗa sunan farko da na mahaifi a gida ɗaya. Ga shi da digirin digirgir a ilimin kwamfuta, amma bai san yadda ake rubuta wannan a Excel ba. Daga nan ya fara tunanin me zai hana mutum ya ba da misali kawai.

Ga yadda yake a aikace. Kana da lambobin wayar mahauta ɗari biyu da suka fara da 080 ko 070, kana so su koma masu +234 a gaba ba tare da sifilin farko ba. Ka rubuta ta farko yadda kake so a gidan da ke gefenta, ka danna Ctrl da E, sauran su cika. Ko kuma bayanin banki ya zo da dogon rubutu, sunan mai turowa a tsakiyar lambobi da haruffa, ka ciro sunan a layi ɗaya ko biyu, ita ta ciro sauran.

To amma misali ɗaya yana iya ɗaukar fassara fiye da ɗaya. A ce jerin sunaye ne, na farko “Musa Garba”, ka rubuta “Musa” a gefe. Kai sunan mutum kake nufi. Ita kuma tana iya ɗauka kalmar farko kake so. Da ta iso kan “Alhaji Musa Garba” sai ta rubuta maka “Alhaji”. A jerin sunayen 'yan kasuwarmu kuwa, in aka bi haka, rabin layin Alhaji ne, sauran Malam. Ga wanda aka rubuta Alh., ga Alhj., ga wanda aka san shi da laƙabi ko da sunan garinsu, ga wanda asusun da yake turo kuɗi da shi na ƙaninsa ne. Maganin shi ne ka ƙara mata misalai daga masu wuyar, ka gyara inda ta kauce, sai ta sake lissafi. Sannan ka bi layin da ido har ƙasa. Ba ta kunyar cika gida da abin da ba daidai ba.

Akwai wasu tarkuna guda biyu da suka shafe mu musamman. Lambar asusun banki a Nijeriya goma ce, da yawa kuma da sifili suke farawa. Idan ba ka gaya wa Excel cewa layin rubutu ne ba, tana ɗaukarsa lissafi ta cire sifilin, lamba ta koma tara. Haka lambar waya. Sai kwanan wata: mu rana muke fara rubutawa sannan wata, Amurkawa wata suke farawa da shi. Kwamfutar da aka bari a tsarin Amurka za ta karanta 3/4 a matsayin 4 ga Maris, alhali kai 3 ga Afrilu ka rubuta. Ga mai bin bashi, wata guda ne ya tafi.

Daga ina abin ya faro?

A masana'anta ya faro, kafin ya shigo ofis. Wani Ba'amurke mai suna George Devol ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1954, ta wani hannun ƙarfe da ake kai shi wuri-wuri yana riƙe inda aka kai shi, daga baya ya maimaita. A 1961 aka girka shi, da sunan Unimate, a wata masana'antar motoci ta General Motors a jihar New Jersey, yana ɗaukar ƙarfe mai zafi da ke ƙona ma'aikata. Har gobe butum-butumin da ke walda da fenti a masana'antu da yawa haka ake koya musu, ma'aikaci ya riƙe abin sarrafawa ya bi da hannun ta inda zai riƙa bi.

A ɓangaren kwamfuta kuwa, ana danganta farkon abin da David Canfield Smith, wanda a 1975 ya gabatar da wata manhaja mai suna Pygmalion a kundin digirinsa na Jami'ar Stanford. Shi ne ma ya kawo tunanin 'yan ƙananan hotunan nan da muke taɓawa a fuskar waya da kwamfuta. A 1991 Allen Cypher na kamfanin Apple ya fito da Eager, wadda ni dai a ganina har yau ba a fi ta ladabi ba. Tana zaune tana kallo shiru. Idan ta lura kana maimaita abu, sai hoton wata kyanwa ya bayyana, ta riƙa sa launin kore a kan abin da take zaton za ka danna nan gaba. Kai kana ci gaba da aikinka kana ganin ko hasashenta daidai ne. Sai ka gamsu sannan ka ce ta ƙarasa. Wato sai ta nuna ta gane kafin a sakar mata. Shi Cypher ɗin ne ya tattara ayyukan masana a wani littafi a 1993 mai suna Watch What I Do, ma'ana kalli abin da nake yi.

Daga baya abin ya zama babbar kasuwa. Kamfanoni irin su Blue Prism na Ingila da UiPath, wanda aka kafa a Bukares ta ƙasar Romaniya a 2005, suna sayar wa bankuna da kamfanonin inshora manhajojin da ke kwaikwayon ma'aikaci a gaban allo: su buɗe wannan shafi, su kwafi lamba, su zuba a wancan. A 2021 Microsoft ta saki nata, Power Automate Desktop, kyauta ga masu Windows 10, kuma yana da rikoda a ciki. A waya ma an gwada. Masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon sun fitar da Sugilite a 2017, wadda ake nuna wa aiki a wayar Android ana kuma yi mata bayani da baki.

Sabon salo shi ne na ƙirƙirarriyar basira, inda manhaja take kallon hoton allo kamar yadda mutum yake kallo, ta motsa linzami ta yi rubutu da kanta. Kamfanin Anthropic ya fitar da irin wannan a Oktoban 2024, OpenAI kuma ya fitar da Operator a Janairun 2025. Waɗannan sun fi jure sauyi, don idan maɓalli ya koma wani gefe suna iya nemo shi. Sai dai suna cin data, yawanci ana biyan kuɗin wata da dala, kuma su kansu kamfanonin suna gargaɗin cewa suna kuskure, a riƙa sa musu ido.

Ranar da hanya ta sauya

Duk wanda ke bin hanyar Jalingo zuwa Wukari ya san abin da ya faru a watan Agustan 2024, da ruwa ya karya gadar Namnai a nan ƙaramar hukumarmu ta Gassol. Direban da ya shekara ashirin yana bin hanyar, da ya iso ya ga babu gada, taka birki ya yi ya fara tambayar mutane ina mafita. Makiro da a ce shi ne a kan sitiyari, miƙewa zai yi, don ranar da aka koya masa akwai gada a wurin.

Haka yake faruwa a allo. Banki ya sauya tsarin bayanin asusu, ya ƙara layi ɗaya a gaba, sai makiro ya riƙa haɗa kuɗin da suka fita yana kiransu waɗanda suka shigo. Shafin intanet ya sauya wurin maɓalli. Sabis ya ja, shafi bai gama buɗewa ba, shi kuma ya riga ya danna. Wani talla ya faɗo a tsakiyar allo. Idan ka yi sa'a, zai tsaya ya nuna maka saƙon matsala. Wanda ya fi muni shi ne ya gama lafiya lau, ya ba ka jimilla mai kyan gani wadda ba daidai ba ce, ka ɗauka ka kira Alhaji ka karanta masa.

Shi ya sa masu aiki da shi suke barin wata alama ta gwaji. Misali, jimillar da makiro ya fitar dole ta yi daidai da jimillar da banki ya rubuta a ƙarshen bayaninsa. Idan ba su haɗu ba, a koma hannu.

Abin da ba ya nunuwa

Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan Hausawan wurin da cinikin shanu da goro. Cikin abin da ya bayyana akwai yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba tare da wata takardar kotu ba, maigidan da bafatake ya sauka a wurinsa shi ne lamuni, dillali kuma shi ya san mahaucin da za a ba da wanda ba za a ba ba. Shekaru sittin ke nan, kuma duk wanda mahaifinsa ke wannan sana'a zai gaya maka kashin bayanta bai sauya ba.

Irin wannan sani ba ya bi ta yatsu, don haka babu rikodar da za ta ɗauke shi. Mahaifina yana iya duba littafi ya ga mutum biyu da ake bin kowannensu kuɗin sa ɗaya, kwana goma-goma, ya ce a kira wannan yau, wancan a ƙyale shi sai bayan mako. Dalilin na iya zama an yi masa rasuwa, ko kuma shekara goma sha biyar suna ciniki bai taɓa cin ko kwabo ba. Idan na nuna wa manhaja yadda ake tura saƙon tunatarwa ga duk wanda bashinsa ya kai kwana goma, za ta tura wa dukansu, kalma iri ɗaya, lokaci ɗaya. Ta yi aikin da aka nuna mata, ta kuma ɓata hulɗar da aka daɗe ana ginawa. Haka maganar kallon dabba a san nauyinta, ko a gane bunajin da tafiya ta wahalar da wanda ciwo ke cinsa.

Ra'ayina a nan shi ne a raba aikin. Jerawa, kwafa, haɗa lissafi, fitar da sunayen waɗanda ake bi, a bar wa manhaja. Wa za a kira, me za a ce masa, wa za a ƙara wa kaya, wannan ya tsaya a wurin mai dukiya. Akwai kuma wani alheri da ba a cika lura da shi ba: kafin ka iya nuna wa kwamfuta aiki sai ka tsara shi tukuna. Dole sunan kowa ya zama rubutu iri ɗaya ko yaushe, kuɗi su zauna a layinsu, kada a rubuta “dubu ɗari takwas da rabi” yau gobe a rubuta 850k. Wasu daga wannan tsarin kaɗai suke gano inda kuɗinsu ke zurarewa, tun kafin a naɗi komai.

Maganar tsaro

Wannan ɓangaren ya fi shafar masu waya, kuma mu ne mafi yawa. Excel ta waya ba ta gudanar da makiro, Google Sheets ta waya ma ba a naɗa a cikinta, sai a kwamfuta. Don haka mutane suke komawa ga ƙananan manhajojin Android masu danna allo da kansu, waɗanda ake nuna wa inda za su taɓa. Kafin su yi aiki sai ka ba su izinin da ake kira Accessibility, wanda asali don makafi da masu lalura aka yi shi. Manhajar da ta sami wannan izini tana iya karanta abin da ke fuskar wayarka, tana kuma iya dannawa a madadinka. Ta wannan ƙofar ce manhajojin ɓarayin asusu da yawa suke shiga. Wayar da alat ɗin kuɗin tirela guda yake shigowa cikinta ba wurin gwajin irin waɗannan ba ce, balle wadda aka turo maka a WhatsApp aka ce ka sauke.

Kada kuma a naɗi aikin da ake rubuta lambar sirri a cikinsa. Rikoda tana iya ajiye abin da ka rubuta a fili, duk wanda ya buɗe fayil ɗin ya gani. Tura kuɗi ma gaba ɗaya bai kamata a miƙa shi ba. Sifili ɗaya ya ƙaru ko lambar asusu ta zame layi guda, kowa ya san wahalar dawo da kuɗin da suka faɗa asusun wani.

A kwamfuta kuma, makiro da wani ya rubuta yana iya zama cuta. A 1999 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Melissa ta bazu a duniya ta cikin makiro na fayil ɗin Word, tana tura kanta ga mutanen da ke cikin adireshin wanda ya buɗe. Tun 2022 Microsoft ta koma toshe makiro a fayilolin da aka sauko da su daga intanet. Idan baƙon fayil ya ce sai ka kunna makiro kafin ka ga abin da ke ciki, rufe shi ya fi.

Ga mai son gwadawa

Ba sai ka sayi sabuwar kwamfuta ba. Tsohuwar laftof ta hannu mai Excel 2013 ko sama da haka ta isa, ko ka biya kuɗin awa ɗaya a kafe ka tafi da filashinka. Google Sheets kyauta ce ga mai adireshin Gmail, sai dai tana son sabis mai ƙarfi, abin da a Legas ko Fatakwal ba matsala ba ne kamar a ƙauyukanmu. Excel kuwa tana aiki ko babu data.

A fara da Flash Fill, don sakamakonsa a gabanka yake fitowa, in bai yi ba ka goge. Idan hannu ya faɗa sai a koma makiro, da ƙaramin aiki mai mataki huɗu ko biyar. Ka yi aikin sau biyu ba tare da naɗa ba don ka haddace matakan, saboda rikoda har kuskurenka da gyaran da ka yi duk tana ɗauka. Bayan ka naɗa, ka gwada shi a kan bayanin watan da ya wuce, wanda ka riga ka san amsarsa, sannan a kan wani mai layuka fiye da na farko. Aikin da sau ɗaya kake yinsa a shekara, kamar lissafin ragunan Layya, lokacin da za ka ɓata wajen koyarwa da gwaji ya fi wanda za ka ɓata in ka yi da hannu. Na kowace ranar kasuwa shi ya cancanci a zauna masa.